FILIN MATA: Mu Ke Noman Shinkafa, To, Ina Kuɗin Su Ke?

Yau ba za mu yi zancen girki ko renon jariri ba, ko da ya ke abin da za mu tattauna ba zai rasa komawa ga tukunya ba, tun da ya ke duk maganar arziki a bakin murhu ta ke ƙarewa.

Makon jiya wasiƙa ta zo mini daga wata yarinya 'yar aji biyar a wata makarantar sakandare ta ƙasar Shanga. Ta roƙe ni kada in buga sunanta, na kuwa rufa mata asiri. Ga abin da ta ce a taƙaice. Malaminsu ya gaya musu cikin aji, wai in an jera jihohin Nijeriya 36 bisa ga kuɗin da ko wace ke tarawa da kanta, Kebbi tana can wajen wutsiya. Ita kuwa tun tana ƙarama ta ke jin ana faɗi a rediyo Kebbi ce rumbun shinkafar ƙasar nan. Da ta kai labarin gida, sai wanta ya ce ai abin da ya ke faɗi ke nan kullum, nan ba wurin yin arziki ba ne, gara a sayar da fadamar da mahaifinsu ya bari a raba kuɗin, shi ya ɗauki rabonsa ya nufi Ikko, watau Legas. Uwarsu kuwa gumi ta ke yi, da shinkafar wannan fadama ta ke jujjuyawa tana biya mata kuɗin makaranta. Ta rufe wasiƙar da cewa, "Inna, don Allah wa ke da gaskiya, malam ko rediyo? In malam ne, ashe wana bai yi laifi ba."

'Yata, malam bai yi ƙarya ba, rediyo ma ba ta yi ba. Da ya ke na san ba gidanku kaɗai a ke wannan gardama ba, daga Yelwa har Wara, sai na ga ya fi kyau in ba ki amsa a nan, kowa ta ji.

Kuɗin cefane da kuɗin sana'a

Bari mu fara da maganar malam. Ke uwargida, kin san kuɗin da ke shiga hannunki iri biyu ne. Akwai kuɗin cefane da maigida ke bayarwa, akwai kuma abin da ki ke samu da sana'ar hannunki, ko ƙuli-ƙuli, ko kitso, ko ɗinkin hula. To, haka jiha ta ke. Kuɗin cefanenta shi ne kason da a ke turo mata ko wane wata daga asusun Tarayya a Abuja. Kuɗin sana'arta kuwa shi ne harajin da ta ke tarawa a cikin gida. Kun kuwa sani, macen da ba ta da sai abin da aka miƙo mata, ran da aka makara ba ta ɗora tukunya.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta kan buga wannan lissafi ko wace shekara. A shekarar 2022 Jihar Legas ta tara naira biliyan 651, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ke nan. Kebbi ta tara biliyan 9 da 'yan kai, ita ce kuma ta zo ƙarshe a ƙasa duka. A 2023 Legas ta tara biliyan 815, Ribas 195, Kaduna 62, Kano 37, mu kuwa muka kusa 12, jihohin Taraba da Yobe kaɗai muka ɗara. Watau in jiharmu ta tara naira ɗaya, Legas ta tara wajen naira 70. Kada wata ta ce ai don sun fi mu yawa ne. A ƙidayar 2006 mutanen Legas miliyan 9 ne da 'yan kai, mu muna miliyan 3 da 'yan kai. Sun ninka mu sau uku a yawan jama'a, sun ninka mu sau 70 a kuɗi.

Wannan hukuma dai ta yi wani bincike a 2022 kan talauci. Ba aljihu kaɗai ta duba ba, har da ruwan sha, da makarantar yara, da asibiti, da irin ɗakin da a ke kwana. Ta sami mutum 63 cikin 100 na ƙasar nan suna cikin rashi. A Kebbi abin ya wuce 80 cikin 100, a Sakkwato ya kai 90, a Legas da Ondo kuwa bai kai 30 ba. Maganar ba daɗin ji, amma ciwon da aka ɓoye shi ke kisa.

Tafiyar buhu ɗaya

To, in haka ne, ina gaskiyar rediyo? Tana nan daram. Kebbi tana cikin jihohin da ke gaba wajen noman shinkafa, damina da rani. Shi ya sa ba a zaɓi ko ina ba sai Kebbi.

Ran 17 ga Nuwamba 2015, a Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shirin nan na Babban Bankin Nijeriya na ba manoma rancen iri da taki. A 2016 kuma Gwamna Atiku Bagudu na Kebbi da Gwamna Ambode na Legas suka ƙulla yarjejeniya, aka riƙa noma shinkafa a nan ana sayarwa a can da sunan LAKE Rice, watau an haɗa farkon sunan jihohin biyu. A watan Disamba na shekarar nan mutanen Ikko har layi suka yi suna sayen buhu mai kilo 50 a kan naira 12,000.

Yanzu ku biyo ni mu raka buhu ɗaya na shanshera daga fadamar Shanga, mu ga inda kuɗin ke maƙalewa. Manomi ya yi huɗa, ya yi dashe, ya sayi taki, ya sayi man injin ban ruwa, wanda tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu 2023 ya zama sai mai ƙarfi. Ya kori tsuntsaye, ya yanke, ya buge. Ran da ya ɗure buhu, masu bin sa bashi suna tsaye a kansa, saboda haka sai ya sayar nan take, a lokacin da kowa ke sayarwa, kaya kuwa in sun yi yawa a kasuwa ba su da daraja. Dillali ya ci la'adarsa. Mai mota ya karɓi nasa. A injin casa, kilo 100 na shanshera ya kan ba da tsabar shinkafa wajen kilo 60 zuwa 65, sauran dusa ce da ɓuntu, su ma ba a zubarwa, dusar ta kan tafi abincin kaji da dabbobi. Sa'an nan a tsince tsakuwa, a zuba cikin buhu mai suna da zane, babban ɗan kasuwa ya saya, ƙaramin ɗan kasuwa ya saya wurinsa, kana ta isa ga mai dafawa. Ko wane hannu ta bi sai ya ɗan tsakuri riba, hannuwan ƙarshe kuwa sun fi na farko samu, ba su kuma tsoron fari ko ambaliya irin ta 2020 wadda ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Abin nan ne da Hausawa ke cewa, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a ce ba mu da injuna ba. Akwai na Labana a Birnin Kebbi, akwai na WACOT a Argungu wanda aka buɗe a 2017. Amma motoci da yawa na shanshera Kano su ke nufa, inda injunan casa suka yi yawa. Legas ma, wadda abin da ta ke nomawa bai taka kara ya karya ba, ta gina nata ƙaton injin a Imota, aka buɗe shi a Janairu 2023, an gina shi don ya cashe tan 32 a sa'a guda. Ku duba fa, su ba su da fadama kamar tamu, amma sun lura da inda ribar ta ke, sun je sun tare can.

Ga kuma asirin haraji. Mafi yawan abin da jihohi ke tarawa daga albashin ma'aikata a ke cire shi, a ba jihar da ma'aikacin ke zaune. Manomi da masunci da mai gumi ba su da albashi. Manyan ofisoshin bankuna da na kamfanonin waya, da tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can, duk suna Ikko. Ko katin wayar da ki ka saya a Yelwa, manyan ma'aikatan kamfanin a can su ke zaune, a can a ke yankar harajinsu.

Abin da ya sami shinkafa shi ya sami albasa da kifi. Albasar Yawuri, wadda Gungawa suka gwanance da nomanta tun kakanni, da ta Aliero, ta kan faɗi warwas lokacin cira, in damina ta yi nisa kuma ta yi tsadar da za ki riƙa yanka guda ɗaya gida biyu. Wanda ya iya ajiya shi ke cin wannan bambanci. Kifinmu kuwa, giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa, mu ke shan hayaƙin bandarsa har idanu su yi ja, a ɗure shi a kwali a kai Anacha da Ikko, can a ke yanka masa farashin gaske. Kun tuna ƙarshen Fabrairu da farkon Maris na 2021, da fataken abinci da na shanu suka daina kai kaya Kudu na 'yan kwanaki? Can albasa da tumatir suka yi tsadar gaske, nan kuwa suka yi ta ruɓewa a hannun manoma. Ran nan kowa ya gane, su ba su iya yi sai da mu, mu ma ba mu iya yi sai da su, amma mu muka fi saurin jin jiki, don kayanmu ba sa jira.

Da can da yanzu

'Yan makaranta, ku tambayi kakanninku, Yawuri ba baƙuwar ciniki ba ce. Zamanin da, fataken goro da ke tasowa daga Kano zuwa Gwanja, cikin ƙasar Gana ta yanzu, da yawansu ta nan su ke bi su ƙetare kogin Kwara, wanda ku ke kira Neja a makaranta. Su kan yada zango, su biya kuɗin fito, su sayi abinci wurin matan gari. Hanya ce ta kawo wannan arziki. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano a 1911, sai ciniki ya bi ƙarfe, Kano ta ƙara bunƙasa da gyaɗa da fatu, daga baya ga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa, ga Kantin Kwari, ga kasuwar hatsi ta Dawanau. Ƙasar Kebbi kuwa dogo bai ratsa ta ba.

Sa'an nan aka zo aka datse kogi a Kainji. An fara aikin a 1964, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki, ya cinye tsohuwar Busa da gungu-gungu masu yawa da gonakin albasa, aka tayar da mutum fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni. Tafkin ya kawo kifi, ya jawo masunta daga wurare masu nisa, wannan alheri ne. Amma ita madatsar, da injunanta da aka gina don su ba da wuta megawat 760, tana cikin Jihar Neja, wutar kuma ta kan shiga babban layin ƙasa ne a raba ta ko ina. Jihohin da a ke haƙo man fetur a ƙasarsu ana ware musu kashi 13 cikin 100 na kuɗin man. Mu da muka ba da ƙasa aka yi wuta, sai a 2010 aka yi dokar kafa hukumar kula da yankunan madatsun ruwa, wadda a ke kira HYPPADEC, ba ta kuma fara aiki sosai ba sai a 2021. Jihar ma kanta yarinya ce, ran 27 ga Agusta 1991 aka cire ta daga Sakkwato.

Abin da baƙon attajiri ke dubawa

Yanzu sai wata ta ce, to, me ya hana masu kuɗi su zo su kafa masana'antu a nan, kusa da gona da kogi? Ku ɗauka mai neman aure ne. Kafin ya kawo kaya sai ya yi bincike, ya tambayi halin gidan. Attajiri ma tambayoyi ya ke yi, ga su.

Da fari ya tambayi hanya. Babbar hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Jebba da Kwantagora ta ratsa Yelwa ta wuce Koko da Jega har Sakkwato, wannan babban rabo ne gare mu. Amma ƙauyukan bakin tafki da yawa, in damina ta sauka, jirgin ruwa ne motarsu. Ba mu manta da ran 26 ga Mayu 2021 ba, da jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, 'yan kaɗan aka ceto, da yawa cikin waɗanda suka rasu kuwa mata ne da yara masu neman abin kansu. Allah Ya jiƙansu.

Na biyu ya tambayi wuta. Injin casa da ɗakin sanyi na ajiye ɗanyen kifi ba sa aiki da alkawari. In sai da man dizal za a tayar da su kullum, kayan da aka yi a nan za su fi na wani wuri tsada.

Na uku ya tambayi zaman lafiya. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, waɗansu 'yan matan ba su dawo hannun iyayensu ba sai a 2023. Wannan masifa ba mu kaɗai ta taɓa ba, ta taɓa Zamfara da Katsina da Neja da Kaduna. Amma ku sani, kuɗi sun fi zomo tsoro, ko motsi suka ji sai su gudu.

Na huɗu ya tambayi takarda. Kwana nawa zai yi kafin ya sami takardar fili? Haraji iri nawa zai biya, hannu nawa kuma za su miƙo masa rasit? In wani ya cuce shi, wata nawa shari'a za ta ɗauka? A nan ne waɗansu jihohin Arewa suka nuna ana iyawa. Kaduna ta gyara ofishin filayenta ta sa shi cikin kwamfuta, ta hana karɓar haraji hannu da hannu, kuɗin da ta ke tarawa ya tashi daga ƙasa da biliyan 15 a 2015 zuwa fiye da biliyan 50 a 2020, kamfanin Olam kuma ya buɗe babbar masana'antar abincin kaji da ƙyanƙyasa a can a 2017. Majalisar da Gwamnatin Tarayya ta kafa don sauƙaƙa kasuwanci ta auna jihohi a 2021 da 2023, duka biyun Gombe ce ta zo ta ɗaya. Gombe fa ba ta da teku, ƙanwarmu ce ma, sai a 1996 aka yi ta. Ashe ba duka ne rabo daga sama ba, akwai na gyaran hali.

Na biyar ya tambayi ilmi. Wa zai riƙe masa littafin kuɗi, wa zai auna danshin shinkafa, wa zai gyara inji? Jiharmu tana cikin waɗanda suka fi yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, 'yan mata kuwa abin ya fi shafa. In ya zo bai sami ma'aikata a nan ba, sai ya ɗauko daga wani wuri, albashin ya koma can.

Abin da muka fi su

Kada ranku ya ɓaci, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Muna da abin da kuɗi ba sa saye. Muna da kogin Kwara da gulbin Rima da fadamunsu, muna da tafki, ana noma sau biyu a shekara. Muna da shanu da kifi da albasa, ga zinariya a ƙasar Yawuri. Jiharmu ta yi iyaka da ƙasashe biyu, Nijar da Benin. Mutumin Ikko kuwa, duk da yawan kuɗin jiharsa, ya kan kashe da yawa daga samunsa a kuɗin haya da na mota, ya fita tun asuba ya dawo bayan lisha, ko ganyen miya sai ya saya. Ana iya gina injin casa cikin shekara biyu, amma ba wanda ya taɓa gina fadama. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Namu aikin

Hanya da wuta da tsaro aikin hukuma ne. Amma ku lura da kyau, wurin nan da ribar ke zurarewa, tsakanin gona da tukunya, ai wurin aikinmu ne mu mata. Mu ke gumi, mu ke banda, mu ke shanya, mu ke awo. Saboda haka ga shawarata guda biyar.

Ta ɗaya, ko wace mai sana'a ta sayi littafi na rubutu. Ta rubuta abin da ta saya, da kuɗin itace, da na ruwa, da na inji, da na dako, kana abin da ta sayar. Ni kaina na yi shekara biyu ina sayar da soyayyen kifi ina murna, sai da 'yata ta zauna ta yi mini lissafi na ga ashe mai itace da mai mangyaɗa na ke yi wa bauta. In ba ki iya rubutu ba, ga aikin 'yarki ta makaranta.

Ta biyu, kada a sayar da kome duka da kaka. Na san bukata ce ke sawa, shi ya sa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Adashin da mu ke yi don biki da suna, a ware wani don sayen shanshera da albasa lokacin araha. Mata 10 ko 20 su haɗu, su yi wa ƙungiyarsu rajista, su buɗe asusu a banki, su kama ɗaki mai iska. Albasa a bar ta ta sha iska wuyanta ya bushe kafin a jera ta a rudu, a riƙa dubawa ana cire wadda ta fara lalacewa. In kuwa an karɓi rance, a biya. Shirin rancen nan na 2015 ya taimaki mutane da yawa, amma waɗansu suka ɗauke shi kyauta ce suka ƙi biya, daga baya aka dakatar da shi, na bayansu suka rasa.

Ta uku, a ƙara wa kaya hannu ɗaya kafin su bar gari, a kuma yi shi da tsabta. Abin da ke karya darajar shinkafarmu ta gida tsakuwa ce da wari. A wanke shanshera a kwashe wadda ta taso sama, kada a bar ta cikin ruwa har ta yi tsami, a turara ta da tururi maimakon a dafa ta cikin ruwa tsundum, a shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, ban da gefen titi inda awaki ke bi. Kifi kuma a bushe shi sosai. Ina roƙonku don girman Allah, kada a fesa masa maganin ƙwari don ya daɗe, guba ce, 'ya'yan wata za su ci. Ku kuma ja kunnen mazanku kan taru mai ƙananan idanu da ke kwashe 'ya'yan kifi, wanda ya cinye iri ba ya girbi.

Ta huɗu, a san farashi kafin a sallama. Waya tana hannunki, kira 'yar'uwarki da ke aure a Kwantagora ko Kano ko Jega ki ji yadda a ke sayarwa can. A saba da sikeli, don kilo ɗaya ne ko ina, mudu kuwa ko wane gari da nasa. In ƙungiya ta yi ƙarfi, ta sa sunanta da lambar waya a jikin leda ko buhu, ta nemi rajistar hukumar NAFDAC, mai saye ya san inda zai dawo.

Ta biyar, in an karɓi haraji a kasuwa, ki karɓi rasit ki adana. Kuɗin da ba rasit ba ya isa asusun jiha, shi ma yana cikin abin da ke sa a ga muna baya. Mai rasit kuwa ita ke da bakin tambaya. Ran da masu neman ƙuri'a suka zo da atamfa da sabulu, ku tambaye su hanyar ƙauyenku, da wuta, da mashigar jirgi mai kyau, da katangar makaranta. In kuma za ki shiga jirgi, ki sa rigar ruwa, ki sa wa yaro, in kin ga an yi masa lodi fiye da kima ki haƙura ki jira na baya, kasuwa ba ta ƙarewa.

Amsa ga 'yata ta Shanga

To, 'yata, kin ji. Jiharmu mai arzikin ƙasa ce, mai ƙarancin kuɗi a hannu, don muna sallama kayanmu tun suna ɗanye. Wanki bai yi laifi ba da ya ke son nema, cin rani ba baƙon abu ba ne gare mu, mutane da yawa sun je sun samo. Amma sayar da fadama wani abu ne dabam. Kuɗin gona su kan ƙare cikin shekara, gona kuwa tana ciyar da jikoki, in ta fita hannu da wuya ta dawo. Kada ki yi masa tsiwa, wanki ne. Ki sami mahaifiyarku ku je wurin baffanku ko wani dattijo da ya ke jin nauyinsa, a zauna. Ku ma kuna da haƙƙi cikin gadon nan, ba a sayarwa sai da yardarku. In ya matsa sai ya tafi, a ba da rabonsa haya shekara-shekara ana aika masa, ƙasa tana nan tana jiransa.

Ke kuwa ki riƙe karatunki da hannu biyu, musamman lissafi da kimiyya. Akwai Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya a Zuru, akwai kwalejin koyon aikin kifi a Sabuwar Busa, duk ba su yi miki nisa ba. Tun daga yau ki zama magatakardar mahaifiyarki, ki buɗe mata littafi, bayan wata uku ki rubuto mini abin da ku ka gani.

Sauran 'yan'uwa kuma, duk wadda ƙungiyarsu ta gwada ajiyar albasa ko shanshera, ta ci riba ko ta faɗi, ta aiko mana da labari ta hannun Edita, mu buga don waɗansu su ƙaru. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu yi bayanin yadda a ke tsara littafin ciniki, layi-layi, yadda ko 'yar aji uku za ta iya riƙe shi.

Allah Ya sa albarka cikin abin da mu ke nema, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin. Ku huta lafiya.

Taku,
Inna